Sakin Ruwa a Makauniya

Idan aka ba mutum saƙo ya kai, ya kai shi yadda aka ba shi, bai ƙara ba bai rage ba, sai saƙon ya zaunar da mutane a wurin da ya kamata su guje masa, alhakin yana wuyan wa? Na wanda ya aiko, ko na wanda ya ji, ko na bakin da ya faɗa? Mai ba da wannan labari bai san amsar ba. Abin da ya sani kawai shi ne yadda tambayar ta riƙe Madu mai shela a wani rani har ta hana shi cin abinci.

Madu Babarbare ne, haifaffen Nguru, amma a Gashuwa ya yi aure ya zauna. Aikinsa shela. Ƙaramar hukuma ta ba shi babur da lasifika da batirin mota da ake ɗaurewa a baya, duk abin da ake so mutanen ƙauye su ji, shi ke zagayawa ya faɗa musu: ranar rigakafi, ranar rabon taki, ranar da za a rufe gada. Wanda ke ba shi saƙon Malam Suhaibu ne na ofishin yaɗa labarai, mutum siriri mai yawan shafa goshi. Tun ranar farko ya kafa masa doka ɗaya, kada ya kuskura ya sa kalmarsa a cikin maganar hukuma. Wanda ya riƙe lasifikar kafin Madu ya taɓa ƙara wa wata sanarwa bayani don taimako, mutane suka fahimci za a ƙwace musu fadama, suka ƙona motar ma'aikata, shi kuma ya kwana biyu a hannun 'yan sanda kafin a sallame shi daga aiki. Madu ya ga mutumin bayan ya fito, ya ga yadda yake jan ƙafa. Daga nan duk wanda ya tare shi da tambaya bayan shela, amsarsa ɗaya ce, bakin nan aro ne, ba nasa ba.

Tsakanin Nguru da Gashuwa akwai wani reshen kogi da mutanen wurin ke kira Makauniya. Ciyawar kacalla ce ta toshe bakinsa ta wajen Nguru tun shekaru, ruwa ya daina ganin hanya, cikinsa ya bushe ya zama yashi da ƙirya. A wannan shekarar aka kawo wani kamfani ya yashe bakin. Da aikin ya zo ƙarshe Malam Suhaibu ya kira Madu ya biya masa saƙon har ya zauna masa a ka: ana sanar da jama'ar da ke bakin Makauniya cewa an kammala yashe ta, za a saki ruwa cikin makon nan, a kiyaye.

Madu bai taɓa kai saƙon da aka karɓa da murna irin wannan ba. A ƙauyen farko mata suka yi guɗa daga cikin gida. A na biyu wani tsoho ya tare babur ya sa masa albarka kamar shi ya haƙa kogin da hannunsa. Kowa a wannan ƙasa ya san me ake nufi da sakin ruwa. Daga manyan madatsun can yamma ake sakinsa, ya yi ta tafiya har ya gaji, ya iso yana jan ciki, siriri kamar wanda aka zubar daga tulu. Yara kan fita su tarye shi su yi ta tafiya a gabansa suna waƙa, ba ya cim musu. Sai ya kwana ya wuni kafin ya kai idon sawu. Ita kuwa "a kiyaye", da ita ake rufe kowace shela, ta rigakafi da ta taki duka, kunne ya daɗe da daina jin ta.

Saboda haka mutane suka sauka. Manoma suka ɗauko injinan ban ruwa suka jera su a cikin kwarin, kowa na son ya kama wuri mai zurfi. Wasu suka fara yin kwamin albasa a gefen yashin. A wani lanƙwasa kusa da hanyar Katuzu kuma akwai rugar Nagoggo, Bafulatanin da ya saba sauka a tsakiyar kwarin duk rani, da matansa da 'ya'yansa da jikoki da garke, saboda gaɓa biyun duk gonaki ne, nan ne kaɗai saniya za ta kwanta ba a yi shari'a ba. Da ya ji shelar ya fito yana dogara sanda yana dariya. Tsakaninsa da Madu akwai wasan nan na Fulani da Barebari, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Ya ce yau dai bawansa ya kawo labarin kirki, a ba shi nono ya sha. Madu ya ce Bafulatanin da bai san wanka ba me zai yi da kogi. Suka rabu kowa na dariya.

Kashegari Madu ya tafi Nguru gaisuwar rasuwa. A wurin zaman makokin ya haɗu da Kyari, ɗan kawunsa, wanda ke tuƙa katafilar kamfanin. Bayan an shafa fatiha Kyari ya ja shi ya ce ya zo ya ga abin da taubashinsa ya iya, tunda shi Madu ban da surutu ba abin da ya sani. Suka hau babur suka fita gari, suka bi ta gefen tafki inda masunta ke shanya kifi, har inda injin yake tsaye.

Madu ya hau tudun ƙasar da aka tara, ya tsaya. An yashe bakin kogin, an faɗaɗa shi, an zurfafa shi, amma an bar wata katangar laka a tsakiya don ruwa kada ya hana aiki. A hagunsa ruwa ne, shimfiɗe har inda ido ya ƙare, kore-kore, shiru, ya cika har leɓen katangar. A damansa rami ne busasshe. Ya leƙa ƙasa ya ga wani lebura yana tafiya a ciki, ya ga kan mutumin bai kai rabin tsayin ruwan da ke bayan lakar ba. Ta wani ɗan tsagi ruwan na tsattsafowa, yana gangarowa baƙi a jikin katangar.

Ya tambayi Kyari ina ƙofar da za a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Kyari ya yi dariya ya ce wace ƙofa, laka ce. Zai sa haƙorin injin ya yanke tsakiyarta, ya ja da baya da sauri, sauran lakar kuma ruwan ne zai cinye da kansa. Madu ya tambayi yaushe. Kyari ya ce sai ranar da oga ya ce, amma ba za a jima ba, ana jiran injin a wani aikin. Ya tambaye shi da wane ƙarfi ruwan zai isa wajen Katuzu. Kyari ya ɗaga kafaɗa ya ce shi tuƙi ya sani, wataƙila yashi ya shanye rabinsa a hanya, wataƙila kuma bai shanye ba. Sai ya dubi fuskar Madu, dariyar ta tsaya.

"Ya Madu, ai an ce mana ƙaramar hukuma ta sanar da mutane. An ce kowa ya fita."

"An sanar."

"To me ya sa ka yi haka da fuska?"

"Ni na sanar," in ji Madu.

Duk tsawon kwalta daga Nguru zuwa Gashuwa bai san yadda ya yi tuƙin ba. Da ya rufe ido kaɗan saboda iska sai ya ga baƙin layin nan yana gangarowa a jikin laka. Bai biya gida ba, ya wuce ofis, ya tarar da Malam Suhaibu yana shirin tashi.

Malam Suhaibu bai yi masa tsawa ba, wannan ne ma ya ƙara tsorata Madu. Ya saurare shi har ƙarshe, ya zauna, ya shafa goshi. Ya ce shi ma yadda aka ba shi ya bayar. Kamfani ya gaya wa ofishin shugaban ƙaramar hukuma da Turanci, ofishin shugaba ya gaya masa a tsaye a bakin mota, shi kuma ya mayar da Hausa da kalmar da kowa ya sani. Ya ɗauki waya ya kira shugaban, aka ce yana taro a Damaturu, wayar a kashe. Ya kira injiniyan kamfanin, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira.

Madu ya ce a ba shi izini kawai ya ce wa mutane su tashi daga kwarin.

Malam Suhaibu ya ce ya maimaita kalmar a ransa tukuna. Idan lasifikar hukuma ta ce wa talaka ya tashi, me talaka ke ji? Kora yake ji, ƙwace yake ji. Ban da haka, su tashi su tafi ina? Shanun Nagoggo ba fiffike gare su ba. In suka hau gaɓa, cikin albasa da barkonon mutane za su hau, a daidai lokacin da ake shirin cira. Ya tambayi Madu ko ya manta abin da ya faru a fadamar can shekarun baya a kan saniya ɗaya da ta shiga gona, gawa nawa aka ɗauka. Sannan in aka yi duk wannan, ruwan ya zo siriri kamar kullum fa? Wa zai tsaya ya ce shi ya jawo?

"Yallaɓai, in kuma bai zo siriri ba?"

"Ka ga ruwan yana tafiya ne, ko a tsaye ka gan shi?"

"A tsaye."

"To ni da kai ba mu sani ba. Ka koma ka sake faɗin saƙon. Ka ja 'a kiyaye' ɗin da kyau. Ni kuma zan ci gaba da kira."

Da la'asar Madu ya sake bin gaɓar Makauniya. Ya faɗi saƙon, ya ja "a kiyaye" har muryarsa ta dushe. Mutane suka ɗaga masa hannu daga cikin kwarin, wani ya ce sun ji, Allah ya kawo shi lafiya, ruwan yake nufi. Injinan sun ƙaru. Wata mata ta kafa murhu a kan yashin tana suyar ƙosai saboda masu aiki.

A lanƙwasan, Nagoggo ya hauro gaɓa ya same shi. Tare da shi akwai Wakili, wakilin bulama, wato mai garin ƙauyen, wanda gonarsa ta albasa ce ke daidai saman rugar, ya kewaye ta da shingen ƙaya. Su biyun ba sa shiri sosai, amma suna gaisawa. Nagoggo ya ce me ya sa bawansa ya dawo da tsohon labari, ko an rage masa hankali ne a Nguru. Madu bai rama ba. Tsohon ya lura da haka, ya daina murmushi, ya matso.

"An ce ka je can. Ka ga bakin kogin?"

"Na gani."

"Yaya yake?"

"Ruwa ne, Baffa."

"Na san ruwa ne. Kai da idonka, in kwana a nan ko kada in kwana?"

Wakili ya gyara tsayuwa. Ya juya ya dubi shingensa, ya dubi shanun da ke kwance a ƙasa, ya dawo da idonsa kan Madu. A bayan Nagoggo, can cikin kwarin, wata yarinya na kora maruƙa zuwa turke, wata mata na daka. Madu ya tuna mutumin da ke jan ƙafa. Ya tuna gawawwakin fadama, ɗaya daga cikinsu ma ya san shi, tela ne da ya je taya ƙaninsa aiki.

"Abin da aka ba ni na faɗa," ya ce. "Bakin nan aro ne."

Nagoggo ya gyara riƙon sandarsa. Sannan ya ce to, Allah ya tsare, in ruwa ya taɓa turke sa matsa, haka suka saba. Ya juya ya gangara.

A gida matarsa Zulaihat ta ajiye masa burabusko da miyar kuka, ya sa hannu ya cire. Ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce a'a. Ya zauna a tsakar gida yana lissafin abin da ba ya lissaftuwa. In ya yi shiru ruwa ya ci mutane, ba wanda zai kama shi, ya faɗi abin da aka ba shi, akwai shaidu a kowane ƙauye. In ya yi magana aka zubar da jini a gonar Wakili, kowa ya san muryar wa aka ji. Wato shirun ba shi da hukunci, maganar ce ke da shi. Ya yi ta neman inda wannan lissafin ya karkace, don ya san ya karkace, bai samu ba. Ya ɗauki buta zai yi alwala, ƙarar ruwan da ya zubo a ƙasa ta sa gabansa ya faɗi.

Da hantsi yana bakin ofis yana jiran Malam Suhaibu, wanda aka ce ya tafi gidan shugaba ko zai samu wata lambar, sai wayarsa ta yi ƙara. Kyari ne. Bayan muryarsa ana jin rurin inji. Ya ce oga ya zo da wasu baƙi masu ɗaukar hoto, an ce ya hau injin ya fasa katangar. Ya ce ya gaya wa ogan akwai shakka a kan mutanen ƙasa, ogan ya ce an tabbatar masa an sanar har sau biyu. Madu ya ce ya ja lokaci, ya ce injin ya lalace, ya ce komai. Kyari ya ce akwai wani direban a tsaye, in bai hau ba shi zai hau. Ya ƙara wata magana da Madu bai ji ba, layin ya yanke. Ya kira, ba ta shiga.

Ya tsaya riƙe da wayar. Masinjan ofis na sharar baranda, wani na sayar da rake a bakin ƙofa, komai na nan yadda yake. Ya kira Malam Suhaibu, aka ce layin na kan wani kiran. Bai san sa'ar da ya tada babur ba.

Hanyar Katuzu yashi ce da ramuka, batirin na dukan bayansa, lasifikar na karkacewa yana gyara ta da hannu ɗaya. Bai san gudun ruwa ba. Bai san ko yana gabansa da nisa ba ko kuwa ruwan ya riga shi. Duk inda hanya ta kusanci gaɓa sai ya miƙa wuya ya leƙa, ya ga yashi fari, ya saki numfashi, ya sake riƙe shi. Wani garken tsuntsaye ya taso daga yamma ya wuce ta kansa, ya ce a ransa tsuntsaye kullum suna tashi, amma ƙafarsa ta ƙara danna giya.

Da ya iso lanƙwasan rana ta take. Shanun na kwance suna tuƙa. An shanya kaya a kan bukkoki. Yara sun haƙa 'yar rijiya a yashi suna wasa, wasu ma sun yi gaba can cikin kwarin, wajen yamma, sun tafi taryen ruwa. Wakili na cikin gonarsa da 'ya'yansa maza, kowa da fartanya.

Madu ya tsayar da babur a kan gaɓa, daidai tsakanin shingen da gangaren. Ya kunna lasifikar, ta yi ƙara. Kawuna suka ɗago. Bakinsa ya buɗe da kansa zai ce ana sanar da jama'a, ya haɗiye.

"Jama'a, wannan ba hukuma ba ce. Madu ne."

Dakan ya tsaya. Nagoggo ya fito daga bukka yana kare rana da hannu.

"Ba wanda ya aiko ni. Na je bakin kogin na gani da idona. Ba irin ruwan da kuka sani ba ne, a tsaye yake, ya fi tsayin mutum biyu, kuma yanzu ake fasa shi gaba ɗaya. Ban san yadda zai iso ba. Wallahi ban sani ba. Amma ni da 'ya'yana ne a ciki, da na kwashe su. A kirawo yaran can. A bar inji, a bar kaya, a hau sama."

Ba wanda ya motsa. Wani saurayi a cikin kwarin ya yi 'yar dariya ya dubi Nagoggo, yana jiran ya ji da me tsohon zai rama.

"Baffa Nagoggo," in ji Madu, muryarsa ta fashe a cikin lasifikar, "yau ba wasa tsakanina da kai. Jiya ka tambaye ni na ƙi faɗa. Kada ka ƙara minti a wurin nan. Wakili, ka ji ni. Shanu za su hau ta gonarka, ba su da wata hanya. Ni na ce su hau. In ruwa bai zo ba, kada ka nemi kowa, ni za ka nema, ka san gidana."

Wakili ya tsaya da fartanya a hannu, 'ya'yansa na kallonsa. Madu bai iya karanta fuskarsa ba. A ƙasa, Nagoggo ya juya ya yi wata gajeriyar magana da Fulatanci, wata mata ta zuba a guje wajen yamma tana kiran sunayen yara, tsohon kuma ya durƙusa a turke ya fara kwance igiyar maraƙi.

Madu bai jira ya ga abin da za a yi a bakin shingen ba. Akwai masu injina a gaba, akwai mai ƙosai, akwai ƙauyuka har Gashuwa. Ya taka babur, ya bi gaɓa, lasifikar a kunne, yana faɗin sunansa yana cewa su fito.